A Dawo Mana da Yatsunmu

Zuwa ga Honarabul Kansilan mazaɓarmu, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da nauyin da jama'a suka ɗora maka. Na kira ka Honarabul ne saboda wasiƙar nan kowa zai karanta ta. Lokacin da kake aji uku a hannuna Ɗanlami nake kiranka, kuma da gudu kake amsawa. Yanzu sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini ka fita, alhali takalmanka na bakin zaure. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Ga wanda bai san maganar ba: bayan unguwarmu, inda manyan motocin hatsi ke juyawa kafin su nufi Maraɗi, akwai kwazazzabon da ke ƙara faɗi kowace damina. Bara ya cinye katangar Inna Hurera mai ƙosai, ya tsaya taku huɗu daga ɗakin da take kwana. Kwalbati muka nema da magudana, shi ke nan.

Na ɗaya. Bayan girbi ka zo gidana da kanka, ka durƙusa ka gaishe ni, ka ce a rubuta takardar roƙo da sunan matan unguwa, don maganar mata ta fi saurin shiga. Na rubuta. Na tara mata arba'in da uku a tsakar gidana, na karanta musu ita kalma bayan kalma. Yawancinsu ba sa karatun boko, amma ba wawaye ba ne. Wasu sun shekara ashirin suna kai kaya Maraɗi, ko jami'in duwan, kwastan ɗin Nijar, bai isa ya sa su dangwala yatsa a takardar da ba su ji abin da ke ciki ba. A unguwar nan magana ɗaya ke sa mace ta miƙa babban yatsanta: a ce Malama ta karanta. Wasiƙar ɗa daga Kano, katin asibiti, takardar gado, duk ta hannuna suke bi tun ina amarya.

Na biyu. Roƙon ya cika shafin farko, sai na jera sunaye a shafi na biyu, kowace ta dangwala gaban sunanta. Na ɗauki biro zan rubuta kan magana a saman shafin, ka tare ni, ka ce a bar wurin fili, a ofis za a buga shi da inji don ya yi kyau. Wannan kuskurena ne, kuma na ɗauke shi. Ni da na shekara talatin ina mayar wa yara littafi idan shafi ba shi da kai, kai ma ka sha dawowa da naka. Na bar shafi babu kai saboda ɗalibina ne ya ce in bari.

Na uku. Da aka gama azumi, aka yi Sallah, ba mu ga ko buhun siminti ba, sai na tafi sakatariya da ƙafata. Wani ma'aikaci, Allah ya saka masa, ya buɗe mini fayil ɗin unguwarmu. Takardar roƙona ba ta ciki. Wata takarda ce a madadinta, bugun inji, tana cewa an kammala kwalbati, an duba, kuma al'umma sun gamsu suna godiya. A bayanta shafinmu ne: rubutun hannuna, da yatsu arba'in da uku. An cike filin nan da ka ce a bari, kuma lallai ya yi kyau. A kusurwar shafin ga hujin tsohon fil guda biyu, inda aka cire takardata. Yatsan Inna Hurera ne na bakwai. A rubuce, tsohuwar da ruwa ke shirin ɗauke wa ɗaki ta gamsu.

Ban san inda simintin ya tafi ba, ba kuma zan ƙaga maka abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne shafin da na danƙa a hannunka.

Ga buƙatunmu. Ka janye takardar ƙaryar nan daga fayil, ka mayar da roƙonmu inda yake. Ka dawo mana da shafin yatsunmu. Ka zo tsakar gidana inda aka dangwala, da rana, ka faɗa wa matan nan da bakinka cewa abin da Malama ta karanta musu gaskiya ne, bayan ta ba ka ne aka sauya. Sannan a fara aikin, domin hadari ya soma haɗuwa daga gabas, kwazazzabo kuwa ba ya karanta fayil.

Za ka ga sa hannu ɗaya ne a ƙasan wasiƙar nan. Shekaranjiya na sake tara matan, na karanta musu ita, na ajiye tawada a kan tabarma. Babu wadda ta zage ni. Inna Hurera ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yi mini albarka, sannan ta ja hannunta cikin mayafi. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kwalbati ana gina shi cikin mako biyu, Ɗanlami. Wannan da ka rushe ban san wanda zai ɗauki kwangilarsa ba.

Allah ya shirye ka, ya ba ka ikon gyarawa tun kana kan kujera, ya sa kada ranar da yatsu za su yi magana da kansu ta same ka da wannan shafin a hannu.

Wassalam.

Malama Rakiya,
wadda ta koya maka rubuta sunanka.