Na goge ƙullutun maƙeri don hoto ya yi kyau

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin ɓoye sunana, in anka gane ni sai hijira. Don Allah ku ba ni shawara, wanga karo ba wasa nike ba.

Ina da injin niƙa a wani ƙauye kusa da Matankari, shi kaɗai ne a garin, tsoho ne har ina jin shi ya niƙa hatsin sunan kakata. Wata piyes, wato wani ƙarhe mai haƙora a cikinshi, ta soma cinyewa, na gewaye Dutsi da Tibiri babu irinta. Sai ɗan'uwana da ke Yamai ya ce in ɗauke ta hoto ta kowane gehe, su yi mata 'yar tagwai cikin ordinater, wato kwamfuta, wani mashin ya ƙera sabuwa daga nan, duk ran da ta lalace a sake hiddo wata.

To ni da baki. Ran kasuwa na tsaya gaban tsohon maƙerinmu, wanda ke lallaɓa min injin shekara da shekaru, na ce ya sai da zuga-zuginshi ya sayi awaki, zamani ya wuce shi. Mutane sunka yi ta dariya.

Ga inda na kashe kaina. Jikin piyes ɗin akwai wani mummunan ƙullutu da maƙerin ya taɓa liƙa mata, na ce wallahi 'yan Yamai ba su raina mu, na sa magagari na goge shi tas kahin hoto. Sabuwa ta iso sumul kamar ka lasa, na ɗaura, sai juyawa take a banza, ba ta kama komi. Ashe ƙullutun ne ke riƙe da ita! Na maida tsohuwar, ita ma haka. Ɗan'uwana ya ce ordinater abin da anka gwada mishi shike haihuwa, in aiko da awon ƙullutun. Awon kuwa cikin kan tsoho yake.

Yau kwana tara mata na daka da hannu, matata ta gwada min kantar hannunta ta daina yi min magana, wasu sun soma kai hatsi wani gari bisa amalanke, in sunka saba da can na mutu. Jiya na aika ma tsoho goro, ya maido, ya ce a gaya min shina wurin kiwon awaki.

Jama'a in tahi in durƙusa mishi gaban waɗanda sunka yi dariya, ko akwai wata dabara? Ku yi sauri don Allah, gobe ce kasuwa.