Tafkin Kanya Ya Cike, Yaya Tanimu

Zuwa ga Yaya Tanimu, a can ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Mu nan Dandamisa sai godiya. Alhaji Sule da ya biyo ta wajenku ya iso lafiya, ya kawo dabino da saƙonka. Ya ce idonka ya tafi, amma bakin nan naka yana nan yadda ka bar gida da shi. Ya ce kana son zuwa, kuma abu ɗaya ka roƙa: a kama hannunka a kai ka bakin Tafkin Kanya ka tsoma ƙafa.

Yarana sun ce in yi shiru. Wai in ka zo sai su sa ka a mota su kai ka wani dam, su ce ga shi nan, tunda ba gani za ka yi ba. Na ce a'a. Ban taɓa yi maka ƙarya ba sai a kan rabon ƙosai, ba kuwa zan fara da furfura a kai ba. Yaya, tafkin nan babu shi.

Ka san asalinsa kamar yadda Kaka ta faɗa mana. Da can fili ne. Da aka zo kafa gari, nan aka haƙi ƙasar gini, ramin ya yi zurfi, damina ta cika shi. Tun daga nan, kowane rani in ruwa ya ja baya, kowane gida sai ya tura jakuna a ɗebo laka, a yi tubali, a sabunta yaɓe. Mu wahala muka ɗauke shi. Kai ma sau nawa ka ɓuya a bayan rumbu don kada Baba ya sa ka cuɗa ƙasa?

Ran Juma'a bayan la'asar kuwa gari duk yana can. Samari na iyo da gora, mu 'yan mata muna gaɗa a gindin kanyar, masu rake da mazarƙwaila sun baza kaya, tsofaffi na kan buzu suna cewa yaran yanzu ba su iya ruwa ba. Kai ne gwanin ninƙaya, har ranar da matsattsaku ya kama ka a cinya, ka fito a guje kana kiran Inna a gaban budurwarka. Har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai.

Shekarar da aka sami mulkin kai wani ya kawo kwalekwale, aka shafa masa kore da fari. Ka tuƙa ni har tsakiya, ina riƙe da 'yar tutar da aka raba wa 'yan makaranta, ina kuka, kai kana girgiza jirgin da gangan. Rani na zagayowa ka bi ayarin masu zuwa Makka, ka ce ba za ka daɗe ba.

Bayan tafiyarka gyaɗa da auduga suka yi albarka, kwano da siminti suka shigo. Duk wanda ya je kasuwar Makarfi ya ga gidan bulo, sai ya dawo yana hararar katangarsa. Murna muka yi, wallahi, har da ni. Wa ke son yaɓe kowace shekara? Jakuna suka daina zuwa bakin ruwa, kuma ba wanda ya lura cewa ɗibar lakar nan ita ce yasar tafkin. Kowace damina ruwa na kwaso ƙasa daga gonaki yana zubawa, ba mai kwashewa. Wurin da yake shanye ka har kai ya dawo iya ƙugu, daga baya iya gwiwa. Kainuwa ta rufe shi, sauro ya yi yawa, iyaye suka hana yara zuwa, masu noman rake suka riƙa matsowa da gonakinsu kaɗan-kaɗan.

Ba wanda ya kira taro ya ce a kashe shi. Shi ya sa ba ni da wanda zan yi wa fushi, kuma wannan ya fi ci mini rai. Yanzu gonar rake ce, kanyar ma an sare ta.

Inna takan ce, in Tanimu ya dawo kada a tsare shi da tuwo, ba zai ci ba sai ya je ya jiƙa kansa. Ta rasu tana faɗin haka, alhali a lokacin ruwan ko tunkiya ba zai nutsar ba. Ba mu gaya mata ba.

Abin da ya rage shi ne ɗakinta. Tubalinsa duk daga tafkin ya fito, wasu ma da ƙafarka ka cuɗa kana ƙunƙuni. In an yayyafa wa bangon ruwa, ƙamshin da ke tashi shi ne na bakin tafki ran Juma'a. Nakan yi hakan in kewarka ta dame ni, jikoki su ce tsohuwa ta fara ruɗewa.

Bangon gabas ya tsage, ba zai ɗauki wata damina ba. Yaran sun so rushe shi tun bayan girbi, kuma gaskiyarsu ce. Na roƙe su su jira ka zuwa ƙarshen rani.

Ka zo kafin ruwan farko, Yayana. Ba ni da inda zan tsoma maka ƙafa. Amma zan kama hannunka in ɗora a bangon, in ɗebo ruwa a ƙwarya in yayyafa, ka matso da fuskarka ka shaƙa.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya ba ka ƙarfin hanya, Ya sa bangon nan ya jira ka. Amin.

Ƙanwarka da ka tsorata a kwalekwale,
Ladidi.