Gishirin Inna Ya Narke a Kwatano

Kwatano, ƙasar Dahomey, daminar 1956

Yaya Zuwera,

Ina gaishe ki. Yaya Inna da yara da mutanen Gaya? Ni lafiya lau, ina dako a bakin teku, sai ɗan tari.

Gishirin Foga da Inna ta ƙunso mini a ganyen kaba, na rataye shi a ɗaka yadda muke yi a gida. Ashe iskar nan a jiƙe take. Ya yi ta zufa yana ɗiga har ya ƙare. Ki aiko wani cikin kwalba, a toshe bakinta sosai.

Kada Inna ta ji. In ta tambaya, ki ce da gishirinta nake miya. Ba ƙarya ba ce, kabar nake jiƙawa ina zubawa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Labo