Fankar ɗakinki, Inna

Assalamu alaiki Inna, tare da gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa. Daga Belbeji nake rubuto miki, duk da na san ba za ki karanta ba.

Safiyar ranarki ta ƙarshe, cikin bazara, na shigo miki da kunu na tarar babu fanka a ɗakinki. Zaninki ya jiƙe sharkaf, kina jan numfashi da baki. Na bi wayar wuta har zaure. Ga fankar can tana hura ordinata, wato kwamfutar ɗanki Yaya Isufu.

Kin san aikin da ya zo da shi daga Yamai. Ya taɓa yi min bayani: in ya sauya layi ɗaya a manhaja, sai inji ya sake haɗa ta kafin a gwada. Wata hanya tana sake haɗa komi daga tushe, wata kuma wurin da aka taɓa kaɗai. Shi yana auna wadda ta fi sauri. Amma in inji ya ɗau zafi sai ya yi nauyi, awon ya ɓaci, a koma farko.

Na ce masa Inna fa. Bai ɗago ba. "Inji in ya ji zafi ƙarya yake min. Ita ai nan aka haife ta, ta saba."

Kin ji shi, don ƙofa a buɗe take. Abin da kika ce kawai: "Bar shi, aiki yake."

Na bar shi. Da faifai na yi miki fifita, in hannu ya mutu in sauya. Ya gama hanya ta farko ya shiga ta biyu, ya sake maimaitawa don ya tabbata. Ban ce zafi ya ɗauke ki ba, kwana ne ya ƙare. Amma da ya dawo da fankar yana murna ya gano mai saurin, mun riga mun rufe miki fuska.

Yanzu ya samu babban aiki da awon nan. Ya rubuta wa duniya cewa a gefen gadonki ya yi shi, yana jinyarki. Mutane na ta sa masa albarka.

Allah ya sanyaya makwancinki, Innata, ya hura miki iskar Aljanna.

In ya ce ƙarya nake, ba ni kaɗai ba ne. Ƙanwarki Mariyama na riƙe da ƙafarki a lokacin. Malam Habu mai allura ma ya gani, don sai da ya tsallake wayar kafin ya shigo.

Autanki,
Lawali