Wa Ya Riƙe Min Bakin Igiya?

Zuwa ga Rosmala, ƙanwata, sanyin idona, ruwan kwakwata a ranar da ƙishi ya kai ni maƙura, yayyafin farko a kan kwanon ɗakina. Sallama da gaisuwa daga wannan tsibiri na Bangka, daga bawan Allah da zuciyarsa ta ƙi tsallako teku tare da shi, ta tsaya a ƙofar gidanku a Palembang.

Dik Ros, ƙanwata, ki saurare ni. Kin san sharaɗin Babanki: babu zancen aure sai na ajiye masa takardar shaidar malanta a gabansa. Kin kuma san takardar nan ta rataya ne a kan darasi guda, wanda mai dubawa daga kwaleji za ta zo ta gani. Alhamis ɗin da aka sa domin darasin ta zo ta wuce. Gara ki ji yadda ta kaya daga bakina kafin wani ya kawo miki ita da gishiri.

Kina tuna ranar da aka ba mu aikin shata filin kwaleji? Abokin aikina ya zille, na tsaya da igiya da bokitin farar ƙasa kamar wanda aka kora daga kasuwa. Sai ga ki kin fito daga ajin lissafi, kika ajiye littattafanki a ciyawa, kika kama ɗaya bakin igiyar ba tare da na roƙe ki ba. "Ja, Abang, ja!" kika ce, kina kirana yayanki. "Wannan layin naka ai maciji ne da ya ƙoshi." Wayyo Allah! Iska na kaɗa mayafinki, farar ƙasa a goshinki, kina dariya har da duƙawa. Wane namiji ne zai tsira? Tun ranar ban ƙara shata layi ba sai na ji muryarki a kunnena, kuma tun ranar na ɗauki miƙaƙƙen layi abin alfahari.

To, filin wannan makaranta tsohon ramin haƙar kuza ne da aka cike. Malamin da aka damƙa ni a hannunsa, Pak Idrus, wato Malam Idrus, shekara talatin yana koyar da motsa jiki a kansa. Tsoho ne mai tumbi, usur ɗinsa ya yi tsatsa, amma ya koya min abin da kwaleji ba ta koya min ba: yadda zan tsaya rana na dukan fuskata don kada ta shiga idon yara, da yadda ake gane yaron da bai karya ba tun kafin ya yanke jiki. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Layukan tserensa guda huɗu suna tafiya ɗoɗar har mita sittin, sai su karkace hagu, su yi ciki kamar suna kewaye tabarmar wani, sannan su dawo hanya. Shi kuwa bai taɓa gifta wurin bai yi magana ƙasa-ƙasa ba: "Gafara dai, wucewa za mu yi."

Na ce, "Pak, igiyarka ce ta samu matsala ko idonka?"

Ya ce, "Kai, ɗan kwaleji! Wata biyu da zuwa har ka fara gyara min ido? Akwai masu zama a nan. Sun riga makarantar zuwa. Ka bar musu wurinsu, su bar maka yaranka."

Na yi dariya, Allah Ya yafe min. A takardar mai dubawa akwai maki na musamman don shata fili, kuma wanda ya faɗi a nan ya faɗi duka. Zan bar aurena ya karkace saboda tatsuniyar tsoho? Ranar Litinin bayan an tashi, rana tsaka, filin fayau babu ko akuya, na kankare layukansa da fartanya. Na kafa turke a can ƙarshe, na ɗaura igiya, na dawo na ja. Ta miƙe zar, ban taɓa ganin igiya ta yi min biyayya haka ba. Na bi ta ina zuba farar ƙasa, raina fes, har ina raya a zuci cewa da kina nan da kin yaba.

Da na kai mita sittin na ɗaga kai. Dik Ros, turken yana kwance a ciyawa! Ya tumɓuke, igiyar ta kwance daga jikinsa. Amma igiyar ba ta faɗi ba. Tana nan a miƙe, a ɗame, bakinta a tsaye cikin iska daidai ƙirjin mutumin da yake zaune a ƙasa. Tsuntsaye sun yi tsit. Wani sanyi mai warin laka ya taso ta ƙafafuna, alhali mako uku ba a yi ruwa ba. Sai na ji ta, ba daga nesa ba, daga ƙarƙashin takalmina: "Ja, Abang, ja."

Muryarki ce. Wallahi muryarki ce, har da 'yar dariyar nan da kike haɗiyewa a ƙarshen magana. Ke ce, ya hasken raina? Kin taɓa tunanina da tsakar ranar Litinin har tunanin ya tsallako teku? Ko kuwa wani abu ne ya leƙa cikin ƙirjina, ya duba, ya ɗauki abin da na fi so ya sa a bakinsa? Abin da ya fi ba ni tsoro ba muryar ba ce. Na ja, Dik Ros. Na ja, aka ja ni, kuma na ji daɗi. Sai da ladan ya kira la'asar igiyar ta zube ƙasa, ni kuma na tsinci kaina a durƙushe, gwiwoyina jiƙe da baƙar laka.

Kin zaci na gaya wa kowa? Ina! Na ce wa kaina rana ce ta buge ni. Washegari na fito da 'yan aji biyar don gwaji. Pak Idrus ya ga sababbin layukan, ya dube ni, sai ya je ya tsaya kusa da wurin. Na busa usur. Yara huɗu suka taso a guje, suna kaiwa mita sittin duk suka kauce hagu a tare, suka tattake farin layina, suka kewaye wurin da babu komai. Huɗu na biyu ma haka. Na daka musu tsawa: "Makafi ne ku? Ku bi layi!"

Akwai wata yarinya, Yusmita, sabuwar zuwa ce, iyayenta ba 'yan garin ba ne, ga ta da jin magana. Ita kaɗai ta bi layina. Ta zo a guje kamar barewa, sai ta tsaya cak, kamar an kafa ta. Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni da wani irin natsattsen ido, ta ce, "Pak, wata yaya ta riƙe min ƙafa. Ta ce wai ka zo ka ja."

Ban san lokacin da tsohon nan mai tumbi ya isa gare ta ba. Ya sure ta, yana cewa, "Gafara dai, gafara dai, yaro ne, baƙo ne, bai sani ba." Takalminta ɗaya ya zauna a wurin, ƙasa ta haɗiye shi har wuya, ƙasar da fartanyata ta yi ta tartsatsi a kanta ranar Litinin. A idon sawunta akwai baƙar laka, shatin yatsu huɗu.

Da aka mai da yara aji Pak Idrus ya zaunar da ni a gindin mangwaro. Na zaci zagi zan sha. Sai ya ce, "Darwis, yara nawa ka fito da su?" Na ce talatin da ɗaya. Ya ce, "To talatin da ɗaya za ka mayar wa iyayensu. Aikin ke nan. Sauran duk wasan guje-guje ne." Sannan ya tambaye ni, a hankali, "Muryar wa ka ji?" Bai jira amsata ba. Ya ce shi ta mahaifiyarsa ya ji, shekara talatin da suka wuce, kuma har yau yana ji.

Ranar Laraba na sake kankare filin. Shi ya riƙe min bakin igiya, ni da hannuna na karkatar da layukan huɗu, ina zuba farar ƙasa ina hawaye, don na san abin da nake zubarwa. Alhamis mai dubawa, Bu Hartati, ta zo daga kwaleji da tabaraunta da jan biro. Ta yaba yadda na jera yara, ta yaba yadda na kula da wani yaro mai asma. Sai ta tsaya a mita sittin, a kan wurin, takalminta ƙal, babu abin da ya taɓa ta. Ta ce, "Darwis, wannan filin tsere ne ko hanyar tururuwa? Kai da ake yabo a kwaleji? Ga igiya, na ba ka rabin awa, ka miƙar da shi mu ci gaba." Na dubi Yusmita a cikin layi da sabon takalmi. Na ce, "Bu, ki yi haƙuri, ba zan iya ba." Ta tambayi dalili sau uku. Me zan rubuta mata a takarda? Ta sa jan biro.

Na faɗi, ƙanwata. Sai na maimaita wata shida a nan, kuma ban san abin da zan yi ba idan ita ce za ta sake zuwa. Na san Baba zai ce ya faɗa tun farko. Na san ɗan gwaggonki mai aiki a tashar jiragen ruwa bai daina kawo gaisuwa ba. Ba ni da abin da zan ajiye a gaban kowa sai wannan wasiƙa. Ki jira ni, ya inuwata, ya ƙamshin barkonon da ake shanya a ƙofar gida! Ki jira ni, don Allah da Annabi. Wata shida ne, ko da yake a wurina kowace rana shekara ce.

Roƙo ɗaya ya rage, kuma shi ya fi ciwo. Idan Allah Ya sa kika zo ganina, kada ki shigo filin, kada kuma ki kira ni daga nesa. Ki tsaya a ƙofar makaranta inda zan ga fuskarki da inuwarki. Domin kullum da tsakar rana, in na jera yarana, ina jin ki kina kirana daga mita sittin, da dariyarki, da komai. Babu sautin da na fi ƙauna a duniya, kuma na yi wa Allah alkawari ba zan amsa ba.

Naki ne ni, yau da gobe da ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa, ba na wata murya ba sai mai ita.

Abang ɗinki,
Darwis