Shuɗin Zare a Alkyabbar Mafalda

Coimbra, bayan bikin Ista

Zuwa ga Kakata Custódia,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki, yaya tumaki? Na iso lafiya. Cukun da kika cusa mini a jaka kuwa, 'yan ɗakinmu sun gama da shi kafin in cire takalmi.

Kaka, kin yi mini aika-aika, amma na san ba da gangan ba ne, don haka zauna in yi miki karatu. Baƙar alkyabbar nan da mu ɗalibai muke yafawa, yage-yagen da ke bakinta ba tsufa ba ne. Masu ƙaunar mutum ne suke yaga masa da haƙora, dangi a gefe guda, abokai a ɗaya gefen. Yagar tsakiya kuwa ta mutum ɗaya ce tak. In soyayya ta mutu, sai a ɗinke ta da zare mai launin tsangayar da ake karatu, namu na kimiyya kuma shuɗi ne. Ke da ba kya iya ganin yaga ki kawar da kai, ina can wajen tumaki kika ɗinke mini ta tsakiyar, da shuɗin zare.

Ban lura ba sai a zauren kiɗa. Kin tuna Gaspar, ɗalibin kiɗan da kika ce tsayinsa ya fi hankalinsa? Shi ne ya yi mini yagar tsakiyar. Na daɗe ina auna ɗumin ruwan kogin Mondego, shi kuma ya kwashi lambobina ya mayar da su sauti: duk sanda ruwa ya ƙara ɗumi, sai muryar jita ta ƙara hawa. A ranar nan, masu nazarin yanayi da masu zane suka cika zauren. Na lumshe ido, sai na ji kamar kogin ya shigo ta taga yana ratsa kujeru, yana ta hawa har muryarsa ta dishe. Da aka tashi Gaspar ya biyo bayana, sai na ji takunsa ya tsaya. Ya ce, "Ashe har kin samo allura, Mafalda. Ai da kin faɗa mini da baki." Ya saɓa jitarsa ya gangara.

Ya ɗauka jirgin na zaɓa, wato gurbin nan da aka ba ni a jirgin bincike mai tafiya tekun ƙanƙara na arewa, shekara biyu. Ke kuwa kin sani, a bakin murhu na gaya miki zan ƙi zuwa saboda shi. Gobe zan warware ɗinkin in je in same shi. Kada ki damu, na yafe miki.

Jikarki,
Mafalda

Coimbra, farkon Mayu

Kaka,

Ina gaishe ki, don ba a hana tsohuwa gaisuwa ko ana fushi da ita. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi.

Na janye yafiyar nan. Na shimfiɗa alkyabbar a kan gado, na ɗauko almakashi, sai na tsaya ina kallo. Yagar Mama tana nan, ta ƙawayena duk suna nan, ko ɗaya ba ki taɓa ba. Ke da kike wanke mayafin da aka yafa sau ɗaya, ba ki sa mata ruwa ba, domin kin san ba a wanke ta, sai dai ruwan sama ya dake ta. A nan na tuna cewa da ƙuruciyarki kin yi aiki a shagon wani tela a garin nan, alkyabbar ɗalibai kuke ɗinkawa. Ashe ina ta koya wa kifi iyo. Wa ya aike ki, tsohuwa?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yau ban warware ba. Kullum sai in ce gobe. Da la'asar, in ƙararrawar hasumiya ta kaɗa, wadda muke ce wa Akuya, nakan zauna a kan katanga in kalli kogi. Sai in ga ya yi fari, ya daskare, wasu tsuntsayen da ban san sunansu ba suna tafiya a kai. Ina mafarkin ƙanƙarar nan, Kaka. Malamarmu ta ce tana narkewa, abin da za mu auna bana wataƙila jikokinmu sai dai su ji labari. Ina so in gan ta da idona, kuma ina son Gaspar. Tun ranar bai sake kaɗa jita a ƙarƙashin tagarmu ba, titin ya yi mini faɗi.

Ƙarshen wata ake jiran amsata. Ki ba ni amsa ke ma, kada ki fake da ciwon ido.

Jikarki mai fushi,
Mafalda

Coimbra, ƙarshen Mayu

Kakata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso: cuku guda da safar ulu mai kauri, babu ko kalma. Na gane.

Na sami Gaspar a bakin kogi, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wato tsohuwar da ta cika ni da miya ita ce ta sallame ni?" Daga nan ya jawo bakin alkyabbar yana duba ɗinkin, da yatsun nan nasa da suka saba da tsirkiya, sai ya nuna mini wani abu. Ba ki ƙulle zaren ba. Ke da kika sa na sake ɗinkin maɓalli sau ba adadi saboda ƙulli, kin bar bakin zaren yana reto, ja ɗaya ya isa ya warware shi duka.

Na ce masa ya ja. Ya riƙe zaren ya daɗe. Sai ya sake shi, ya ce, "Ke ma kina da hannu, kuma wata guda ba ki warware ba. Tafi da ita a ɗinke, can akwai sanyi, kada iska ta shiga. Ki riƙa aiko mini da lambobin ƙanƙarar in ji irin muryarta." Na tambaye shi ko zan tarar da shi in na dawo. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba. Na yi kuka sosai, shi ma idonsa ya kaɗa.

Na ba masu jirgin amsa, zan tafi a watan Agusta. Kafin nan zan zo ki gan ni cikin safar. Alkyabbar ma da ita zan zo, amma ki ɓoye allurarki, Kaka. Zaren yana nan yadda kika bar shi, ban ja ba, ban kuma ƙulle ba. Na naɗe ta da kyau, bakin zaren yana ciki, don kada ya maƙale a wani abu a hanya.

Ki gaishe mini da tumaki.

Taki har kullum,
Mafalda