Waken da Na Shanya

Zuwa ga ƙanena, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ɗalibanka su fi yayanka kai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci-lokaci. Shagon wanki da guga yana nan, ni ma ina nan ina ƙona yatsu.

Abin da ya sa na ɗauki biro, wanda rabona da shi tun da na tsere daga makaranta, maganar 'yarka ce, wato 'yata da nake kira uwata. Ka san bana za a raba su, masu maki a kai su ajin kimiyya, sauran a ba su abin da ya samu. Ita kuwa ba ta da buri sai kimiyya. Kullum in ta dawo sai ta zauna kan ƙullin kayan wanki tana karanta min darasi ina guga, yau yadda jini ke zagaya jiki, gobe dalilan yaƙin duniya. Ni kuma ina gyaɗa kai kamar da ni aka yi yaƙin. Har na taɓa ce mata rashin gaisuwa ne ya haddasa shi, ta yi dariya har da hawaye.

To, malaminsu ya ba su aikin gwaji mai maki da yawa. Ta shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a bakin taga, ɗaya cikin kabad ɗin da nake ajiye sitaci da bula, don a ga abin da rashin haske ke yi wa tsiro. Ta ce kada in taɓa. Watakila ta faɗi dalili, hankalina yana kan wuyan rigar wani. Wata safiya na buɗe kabad, na ga tsiron ya yi fari fat, siriri kamar mai jinya. Ka san ni, duk abin da na gani cikin laima sai na shanya. Sai na riƙa fito da shi rana in ta tafi makaranta, in mayar kafin ta dawo, wai kada nata ya lalace ta ji kunya. Ya yi kore shar, ina ta jin ni ma wani ne.

Yarinya ta auna da rula, ta rubuta gaskiyar abin da ta gani, cewa na duhu da na haske ba bambanci. Malamin ya ɗaga takardar a gaban aji, ya ce ko dai ƙirƙira ta yi, ko ta gano abin da duniya ba ta sani ba. Ya ba ta sifili.

Da na ji, na gaya mata komai. Na goge babbar rigata na je makarantar. Malamin ya saurare ni da mutunci, ya ce maki ya riga ya wuce ofis, kuma in aka fara karɓar irin wannan, gobe kowa zai zo da ubansa. Na fito ina yi masa godiya, ban san ta mece ce ba.

Da faɗa ta yi min da na samu sauƙi. Cewa ta yi ba komai Baba, da ma kanta ba na kimiyya ba ne. Yanzu a ɗaki take karatu, ƙofa a rufe. Uwarta ta ce in bar ta ta huce, amma ni ban ga fushi ba balle ya huce.

Malam, kai ka san yadda ake magana da ɗalibai. Don Allah ka kira ta, ka gaya mata ba kanta ne ya gaza ba, na ubanta ne. Ni na faɗa, amma na saba ba ta dariya har ba ta gane lokacin da nake da gaske. In kuma akwai hanyar sake gwajin kafin a raba su, ka faɗa min. Jiya na ga littafinta na kimiyya a hannun 'yar maƙwabta. Na tambaya ko aro ne, ta ce min kyauta ce.

Ka gaida matarka da Auta da Baffa. Inna tana sa maka albarka. Ka sa mu a addu'a.

Yayanka,
Mai guga